Imel Ɗin Malam Badamasi Ya Sake Tsayawa

Ran da Siddiq ya fara shiga ofishin Islamiyyar Malam Badamasi a Kurfi, gyaran imel ne ya kawo shi, amma Basma ya gani. Ɗiyar Malam ce, ita ke kula da kwamfutar makaranta.

"Sannu da zuwa, Injiniya," ta ce. "Saƙo ba ya fita, ba ya shigowa."

Bawan Allah, nan take ya manta inda ya aje makullin babur ɗinsa.

Ya gyara, ya koma shagonsa a Dutsin-Ma. Ba a rufa mako ba saƙonta ya shigo wayarsa: "Injiniya, ya sake tsayawa fa. Yaushe za ka shigo?"

"Ga ni nan, Gimbiya," ya amsa, har yana tuntuɓe wajen neman hula.

Wasa-wasa abu ya zama kullum. Kuma matsalar ɗaya ce: wani ke shiga shafin kamfanin da ke riƙe da adireshin makarantar, ya sauya sunan saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙo. Kwamfuta dai ba ta taɓa kanta. Zargin Siddiq ya tafi kan Tukur, sakataren makaranta, wanda ya daɗe yana neman Basma, ga shi ya san lambar sirri.

Ashe Tukur ya riga shi kai ƙara wurin Malam. "Allah gafarta Malam, yaron nan daga can yake ɓatawa, don ya samu hanyar zuwa zance."

Siddiq ya buɗe wurin da shafin ke nuna na'urorin da suka shiga, ransa a ɓace, yana jiran ya kama Tukur dumu-dumu. Sai ga wayar Basma a jerin. Daɗi da tsoro suka haɗe masa.

Washegari Malam ya kira shi, fuska ba walwala. "Saƙonnin jarrabawar yara na komawa inda suka fito. Kai ke wannan aiki? In kai ne, kar ƙafarka ta ƙara taka gidan nan."

Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, amma ita za ta tona Basma. Ya sunkuyar da kai.

"Malam, ba ni ba ne. Amma don Allah kar a tambaye ni ko wane ne."

Tukur ya yi tsaki. "To an ji dai!"

"Baba, ni ce." Basma ce a bakin ƙofa. "A wurinsa na ga yadda ake yi. Ban san zai shafi jarrabawar yara ba. In imel bai tsaya ba, ba ya zuwa."

Malam ya dubi Basma. "Ja'ira! Ki zauna ki nemo saƙonnin nan kaf. Kai kuma da ka rufa mata asiri, sauya lambar sirrin ka ba ni, sannan ka turo manyanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, Malam ya sa musu albarka har idonsa ya kawo ruwa.

Satin farko Siddiq na shago, sai ga saƙo: "Injiniyana, ya sake tsayawa."

"Mi kuma, Gimbiyata?"

"Ba komai wallahi. Ka dai taho gida."

Ya rufe shago da rana tsaka. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a ta gari.