Ƙarfen da Aka Ɗauko daga Tsohon Tanderu

Ranar da maƙerin ya shigo gida da sandar ƙarfen nan, rana ta yi ja. A kangon wata masana'anta ya ciro ta, daga cikin tanderu, ko sallama bai yi wa wurin ba. Ya jingina ta a zaure yana shafa ta.

"Irin wannan ƙarfe, wuta ba ta cin sa," ya ce wa matarsa. "Kin ga lanƙwasar tsakiyar? Sai zafi da nauyi sun haɗu masa shekara da shekaru yake ba da kai, kaɗan-kaɗan."

Ita dai ta juya ta dubi tsakar gida. Ta lura kaji sun ƙi shiga akurki.

Da magariba dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Aka leƙa, ba kowa. Kwana uku ana haka. A na huɗu, 'yarsu Auta tana tsakiyar wanke kwanuka ta sandare, bayanta ya lanƙwashe kamar an ɗora mata buhu, jikinta zafi rau.

Aka kira malam mai ruƙiyya. Ya zauna a bakin tabarma ya daɗe yana karatu. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Gadona kuka sata. Shekara talatin ina kwance a kansa cikin wuta, sai da ya saduda. Wannan 'yar kwana nawa za ta yi?"

Matar, wadda ko baƙo ba ta iya haɗa ido da shi, ta matso ta rungume 'yarta ta baya.

"Shi ƙarfen ba shi da uwa," ta ce. "Sauka."

"Ke, hannunki zai ƙone," in ji muryar.

"Ya ƙone."

Malam ya ɗaga murya. Aljanin ya yi gurnani, ya nemi a bar shi kwana bakwai.

"Ko rabin yini," in ji malam. "Za a mayar maka da gadonka yanzu. Ka fita."

Maƙerin ya saɓa sandar a kafaɗa, ya fita ba takalmi. Auta ta yi atishawa sau uku, bayanta ya miƙe a hankali.

"Inna, kin matse ni," ta ce.

Hannuwan uwar duk sun yi bororo. Ba ta saki ba.