Labaran da Manaja Ya Wallafa

Shekara tara teburina yana manne da nasa a sashen sayen kaya na wani kamfanin rarraba magunguna, don haka wannan labarin ba a bakin hanya na tsince shi ba. Rabi da idona na gani, rabi kuma shi da kansa ya zayyana mini, lokacin da babu sauran mai sauraronsa.

Manaja muke ce masa, amma tsokana ce, don ko mataimakin manaja bai taɓa zama ba. Shi ne dai kullum cikin kwat da taye, ko da fankar ofis ta mutu. Ya san aikinsa, ba na rage masa wannan. A gida yana da mata, malamar firamare, da 'yarsu ɗaya, da mahaifiyarsa, sai ƙanensa Auta, magidanci mai sana'ar ɗaura na'urar sanyaya ɗaki.

Abin ya faro ne daga wata abokiyar aikinmu da ba ta wuce shekara biyu da zuwa ba. Kullum tana rubuce-rubuce a shafin nan na intanet inda ma'aikata ke baje kolin ƙwarewarsu, kamfanoni kuma suna leƙawa su zaɓi wanda suke so. Kafin mu ankara, wani babban kamfani ya ɗauke ta shugabar sashe. Ranar da muka yi mata ban kwana kowa na dariya, ban da Manaja.

Washegari ya je aka ɗauke shi sabon hoto, hannu a harɗe a ƙirji. Ya rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa shi ƙwararre ne kan dabarun sayen kaya da jagoranci. Kowace safiya sai ya wallafa shawarwari.

"Manaja, yau ma mutum uku ne suka yaba," na ce masa wata rana. "Madam ɗinka, da Auta, da ni. Ni ma yatsana ne ya zame."

Bai yi dariya ba. Wata takwas yana haka, kamar mai magana a cikin rijiya.

Direban kamfaninmu ne ya raɗa masa cewa akwai wani boka mai ɗaga sunan mutane. Ranar wata Alhamis, da rana tsaka, Manaja ya ce zai je duba kaya a sito, ya fice.

A bayan jerin shagunan masu gyaran waya akwai wata matattakala siririya. Ya hau har bene na uku. Ɗakin babu taga. An lulluɓe bango ɗaya da jan ƙyalle, an soke ƙananan hotunan mutane a kai da allurai, ɗaruruwa, duk cikin kwat da murmushi. Sauran bangon kuma fasassun gilasan waya ne aka jera, duk inda ya juya sai ya ga fuskarsa a tsattsage. A tsakiya akwai wata tasa cike da baƙin ruwa, a kan ƙoƙon kan wata dabba da bai gane ba. Ɗakin na warin ƙonannen gashi, ga sanyi kamar cikin firji, alhali babu ko fanka.

Bokan bai yi kama da boka ba. Siririn dattijo ne cikin farar riga mai guga, da tabarau, sai ka ce akawun kotu.

"Kuɗi kake so ko suna?"

"Suna, ranka ya daɗe. Idan suna ya zo, sauran za su biyo."

"Mu ga abin da kake rubutawa."

Manaja ya miƙa wayar. Dattijon ya karanta, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Wa zai tsaya karanta wannan? Mutane ba sa tsayawa don mai ilimi. Wanda aka ji wa ciwo suke tsayawa kallo. Me ya taɓa samunka?"

"Babu komai. Gidana lafiya lau."

"To, ita ce matsalarka."

Manaja ya laluba aljihu. "Nawa zan kawo?"

"Ba na karɓar kuɗi. Za ka riƙa tarar da rubutu a wayarka, an gama shi tsaf. Ka karanta. In ka ga dama ka wallafa, in ba ka ga dama ba ka bari. Babu mai matsa maka."

"Shi ke nan? Babu wani sharaɗi?"

"Ɗaya ne. Duk abin da ka wallafa da sunanka, gaskiya ne."

"Ai ni dama ba na ƙarya."

"Daga yau ko ka so ba za ka iya ba."

Ya kama babban yatsan Manaja na dama, ya soke shi da allura, ya goga jinin a fuskar wayar, sannan ya tsoma ta cikin baƙin ruwan. Ya ce ya sunkuya kan tasar ya ambaci duk wanda ke cin abinci a ƙarƙashin rufinsa. Manaja ya ambace su ɗaya bayan ɗaya. Duk sunan da ya faɗa sai ruwan ya yi ƙwarya-ƙwaryar tafasa ya lafa. Da aka ciro wayar, a bushe take ƙayau. Dattijon ya karɓi sabon hoton nan, ya soke shi a jan ƙyallen.

Bayan kwana uku rubutun farko ya bayyana. Labari ne mai taɓa zuciya, na yadda aka sace masa mota amma ya tako da ƙafa don kada maganin marasa lafiya ya makara. Motarsa kuwa tana nan a ƙofar ofis. Duk da haka ya danna, ya wallafa. Da aka tashi aiki muka fito tare, babu mota babu alamarta.

Kafin mako ya zagayo, mutum dubu arba'in sun karanta. Shugaban kamfaninmu, wanda bai taɓa sanin sunansa ba, ya sauko har teburinmu ya ba shi hannu. Aka fara gayyatarsa taruka ya yi jawabi. Ya faɗa wa kansa cewa dattijon mai hangen gaba ne kawai, da ma za a sace motar.

Rubutu na biyu da ya zo, kansa shi ne: "Ƙanena ya rasu ranar Talata. Ga darasi biyar da na koya game da jagoranci."

Kwana goma sha ɗaya yana ɗauke da shi a aljihu bai taɓa ba. Ya daina cin abincin rana. A cikin kwanakin ne wata mai nemo wa manyan kamfanoni ma'aikata ta kira shi, ta ce ana neman darakta, su biyu suka rage, amma ɗayan ya fi shi mabiya.

Ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya da minti goma ya shiga banɗaki. Ina zaune wayata ta yi ƙara, na duba, sai ga shi ya wallafa. Da ya dawo na miƙe tsaye.

"Inna lillahi! Manaja, yaushe Auta ya rasu? Me kake yi a ofis?"

Fuskarsa ta yi fari fat. Sai wayarsa ta fara ruri a kan tebur, mu biyu muka kalle ta. Sunan Auta ne a jiki. Ta yi ta ruri har ta gaji, ta sake, ta sake. Manaja ya sa hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa, yana kallonta, bai ɗauka ba.

Ƙarfe ɗaya saura aka kira daga wani gini. Auta ya faɗo daga hawa na huɗu yana ɗaura na'ura. Abokan aikinsa sun ce igiyarsa sabuwa ce, sun rasa yadda aka yi ta kwance.

Na ga abin da na gani, kuma na yi shiru. Tsoro ne ya rufe mini baki, har gobe ina neman gafarar Allah a kan shirun nan.

Mutum dubu ɗari uku suka karanta. Aka ba shi darakta. Ya koma gida mai bene, da mota biyu, da mai gadi. Mahaifiyarsa ba ta taɓa sakewa a gidan ba. Tana zama a bakin gado da rigar aikin Auta a cinyarta.

"Ɗana, ka mayar da ni tsohon gidanmu," take ce masa. "Wannan gidan akwai abin da ke numfashi a cikinsa."

"Haba Mama, na'urar sanyi ce kawai."

Bayan wata bakwai ya wallafa yadda ya jagoranci taro sa'a ɗaya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Wannan karon kwana biyu kacal ya yi yana jinkiri. Aka tarar da tsohuwar a kan sallaya da hantsi babu rai, idonta a buɗe, tana fuskantar ƙofa.

Matarsa ce ta gano. Wata Asabar da safe yana wanka, ta ɗauki wayarsa za ta kira mai gyaran famfo, sai ta ga rubutu biyu da ba a wallafa ba. Na farko: "Na binne 'yata, washegari na koma aiki." Yarinyar kuwa tana falo tana aikin makaranta.

Ya fito ya same ta tsaye, wayar a hannunta.

"Baban yarinya, mene ne wannan?"

"Ba ni na rubuta ba. Wallahi ba zan wallafa ba."

"Na Auta fa? Na Mama fa? Kafin su rasu ka wallafa, ko bayan?"

Ya kawar da kai. Wannan ya ishe ta amsa. Ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, ta ja hannun 'yarta suka tafi gidan yayanta.

Ranar Litinin Manaja ya sake hawa matattakalar nan, ya durƙusa gaban dattijon.

"Ka tsayar da shi, don Allah!"

"Me zan tsayar? Na taɓa danna maka? Kada ka wallafa, magana ta ƙare."

Ya kuwa daure, wata biyar. Ya koma rubuta shawarwarinsa na da, babu mai kallo. Gayyata ta ɗauke. A wani taro aka zaunar da shi a layi na shida, aka kira wani sabon yaro kan mumbari, aka yi ta tafi. Yana fita ya shiga mota, ya kulle gilas, ya buɗe na biyun rubuce-rubucen nan da matarsa ta gani. Kansa shi ne: "Zama da mai taɓin hankali ya koya mini haƙuri da ma'aikata." Ya danna.

Da bakinsa ya ce mini: "Na ga ai wannan ba mutuwa ba ce. Na ga ai ana warkewa."

Washegari matar tasa tana tsakiyar koyar da lissafi a aji ta ajiye alli, ta fara karanto labarin binne 'yarta da ka, kalma bayan kalma, tana dariya hawaye na zuba. Yara suka watse da ihu. Har yau tana ɗaki a gidan yayanta. Idan ta ga waya a hannun mutum sai ta yi kansa da cizo. Yarinyar kuma an kai ta wurin dangi can nesa, an hana a faɗa wa uban inda take.

Asirin ya tonu ne ta hannun wani abokin aikin Auta. Yana share tsofaffin hotuna a wayarsa ya ci karo da wanda suka ɗauka tare a kan ginin, ƙarfe sha biyu da rabi na ranar Talatar. Ya haɗa shi da hoton rubutun Manaja mai ɗauke da sha ɗaya da minti goma, ya wallafa su gefe da gefe, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Mutanen da suka yi ta yi masa addu'a su ne suka yi ta tsine masa. Kamfanin ya sallame shi a mako guda. 'Yan sanda suka tsare shi, suka rasa abin da za su rubuta, suka sake shi. Mai gadi ma ya gudu.

Na je na same shi wata la'asar. Gidan fayau, an kwashe kujeru, yana zaune a kan tayil cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa. Babban yatsansa na dama ya yi baƙi ya kumbura, yana wari. A nan ya ba ni labarin duka. Ya ce ya rubuta neman gafara da hannunsa, ya wallafa da safe. Na ce Allah ya karɓa. Na miƙe zan tafi sai ya riƙo bakin wandona.

"Abokina, wayata ta mutu. Duba mini a taka. Mutum nawa suka karanta?"

Ban sake komawa ba. Bayan wata biyu maƙwabta suka ji wari, aka fasa ƙofa.

Ku da kuke gyara hotunanku kuna neman a san ku, ban ce kada ku nemi ci gaba ba. Ku nuna aikinku, ku jira rabonku. Amma duk ranar da kuka ji zuciyarku na auna wani naku da yawan masu tafi, ku ajiye wayar ku nemi tsarin Allah. Bokan nan bai kashe kowa ba. Sau huɗu Manaja ya karanta abin da zai faru, da idonsa biyu da hankalinsa, sau huɗu kuma ya danna.