Butar Da Ba Ta Ga Wuta Ba

Ranar Lahadi da azahar aka buga wa Insfekta Ulmas waya daga filin wasan yara na bakin tafki, a birnin Namangan. Ƙaramin jirgin ƙasan da ke zagaya filin da yara ya taka wata yarinya 'yar shekara shida, Mohira. An wuce da ita asibiti tare da uwarta.

Ya ture kwanon shinkafarsa ya fita, ko hannu bai wanke ba.

Da ya isa, ko kiɗa ba a kashe ba. Lilo na juyawa, mai askirim na cinikinsa. Masu gadi sun zaunar da direban jirgin a ƙasa, wani gajeren mutum mai suna Sobir, yana ta murza jar hular aikinsa.

"Kai ka tuƙa?" Ulmas ya tambaye shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Hura min iska a fuska."

Ya hura. Warin barasa.

"A tsakiyar yara? Wa ya ba ka?"

"Kofi ɗaya ne. Ni na saya."

"A ina? An hana sayar da ita a filin nan."

Sobir ya sunkuyar da kai. Mutanen da suka taru kuwa, kowa ya ce jar hula kawai ya gani a kan mai tuƙin.

Ulmas ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya zagaya jirgin, ya hau kujerar direba. Shi dogo ne, amma ƙafarsa ta sauka kan birki daidai, don an ja kujerar baya har ƙarshe. Ya sauko, ya ce Sobir ya hau. Da ƙyar bakin takalminsa ya taɓa birkin.

"Haka kake tuƙi kullum? Ko yau ne ƙafarka ta tsuke?"

Ulmas ya san in ya rufe bincike a nan, mutumin nan a kurkuku zai ruɓe a kan laifin wani.

A rumfar shayi ya sami kakan yarinyar, Baba Nurmat, mai unguwa, dogon tsoho mai farin gemu. Yana zaune da abokansa, yana tauna ɗanyar albasa kamar an sa shi dole.

"Ɗana, kada ku tausaya masa," in ji tsohon. "Ni na samo masa aikin nan da bakina. Ga sakayyata."

"Baba, me kuka sha a nan?"

"Shayi mana. Me dattijo zai sha?"

Ya miƙe ya ce zai bi ta gida ya ɗauki abinci ya kai asibiti. Abokansa suka watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye.

Mai shayin, Ergash, ya yi maza ya kawo wa Insfekta kofi cike taf. A garin, baƙon da ake so rabin kofi ake zuba masa, don a yi ta ƙara masa. Kofi a cike, sha ka tafi ke nan.

"Ergash, korata kake yi?"

"Haba yallaɓai, hannu ne ya kuɓuce."

Ulmas ya ɗauki butar da ke teburin tsofaffin. Sanyi ƙalau. Ya buɗe murfi, babu ko ganye ɗaya.

"Na wanke ta ne," in ji Ergash.

"Ka bar tulin butoci da datti, ka wanke wannan, ka sake mayar da ita kan tebur? Kai ne sarkin tsabta?" Ya shinshina bakin butar, ya kau da kai.

"Wallahi ni ba na sayarwa! In babba ya zo da kwalbarsa a aljihu ya ce a ba shi buta, ni wane ne?"

"Wane babban?"

"Manya sun yi yawa yau, yallaɓai."

A asibiti ya sami uwar yarinyar, Gulnoza, tana kai-kawo a bakin ɗakin tiyata, jini ya bushe a rigarta. Shi ma bai zauna ba.

"Ƙanwata, ba zan tambaye ki wanda ya tuƙa ba. Wa ya zuba shayi yau?"

Ta tsaya cak.

"Ke ce matar ɗan Baba Nurmat. Ai ke kika zuba, ko?"

"Tun da aka kawo ni gidan, hannun Baba bai taɓa buta ba. Ni ke zubawa, in miƙa masa. Yau ya karɓe ta daga hannuna, ya ce in kai yarinya ta sha iska."

"Daga nan fa?"

"Yaya, mijina yana Rasha wajen aiki. A gidan tsohon nan nake kwana. In na buɗe baki, ina zan kai kaina?"

"Ban sani ba," Ulmas ya ce. Bai iya daɗin baki ba. "Abin da na sani, Sobir ma yana da 'ya'ya."

Ƙofa ta buɗe, likita ya fito yana cire safar hannu. Yarinya ta rayu. Amma ƙafar hagu, daga gwiwa, ba a iya ceto ta ba.

Gulnoza ba ta yi ihu ba. A lokacin Baba Nurmat ya shigo, da filas ɗin shayi da gurasa a ɗaure cikin ƙyalle. Ya canza riga, yana ƙamshin turare.

"'Yata, yaya ake ciki?"

Ba ta dube shi ba. Sai ta juya ga Insfekta.

"Baba da abokansa sun kira Sobir sun tilasta masa kofi ɗaya. Sai Baba ya cire masa hula ya sa a kansa, abokansa na tafi. Ya ce yau shi zai tuƙa, jikarsa ta gani. Mohira ta hango shi, ta ƙwace daga hannuna, ta ruga tana kiran Kaka."

"Ƙarya take yi! Ruɗewa ce!"

"Baba," in ji Ulmas, "kujerar tana nan yadda ka ja ta. Butar tana motata. Likita kuma ga shi, albasa ba za ta ɓoye barasar da ke jininka ba. An yanke mata ƙafa."

Ƙullin gurasar ya faɗi. Tsohon ya zame kan benci.

"Na gan ta," ya ce. "Na taka birki. Wallahi na ɗauka birki na taka." Ya kama gemunsa. "Na ce wa Sobir ya ɗauka, zan kula da iyalinsa. In aka ji ni ne, wa zai ƙara gaishe ni a unguwa?"

"Sobir zai amsa laifin ba ka kujera. Naka kai za ka ɗauka. Tashi."

"Yaya, dakata," in ji Gulnoza.

Ta buɗe filas ɗin, ta zuba shayi a kofi. Ta ci gaba da zubawa har ya kawo baki, yana shirin zubewa. Ta miƙa wa surukinta da hannun dama, na hagu a ƙirji, kamar kullum.

Tsohon ya kalli kofin, ya kalle ta. Ya karɓa, shayin na ƙona masa yatsu.

Ulmas ya jira har ya shanye, sannan ya kama hannunsa suka fita.