Kalmar da Ya Ja wa Layi

Wata Asabar a shekarar 1972 Zakiya ta raka gwaggonta Dela wani shagon gyara a unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda, da rediyon mahaifinta a hannu. Mai gyaran, Abdulghani, bai daɗe da dawowa daga Ingila ba, inda ya yi shekara huɗu yana koyon aikin lantarki. Ya dawo da takardar shaida, da rigar sanyi da ba ta da amfani a Jidda, da akwati guda na faya-fayan waƙoƙin Turawa.

Gwaggo Dela ta yi bayanin rediyon, ta haɗa da ciwon gwiwarta da tsadar kifi. Zakiya ba ta ce komai ba. Da wata ƙusa ta faɗi ya rasa ta, ita ta nuna masa da yatsa a ƙarƙashin tebur. Ya ɗago zai yi godiya, suka haɗa ido. Gyaran na minti goma ne, amma ya ce su dawo jibi.

Shirun Zakiya yana da dalili. A unguwar Ammariyya aka haife ta, kuma marigayiya mahaifiyarta Larabci kaɗai take yi mata. Tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki sai ta ce wa mace "kai", ta ce wa namiji "ke". Tana 'yar shekara goma sha ɗaya wasu dangi da suka zo aikin hajji suka yi mata dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ta daina. Mahaifinta Malam Haladu, tela, ya riga ya rantse ba za a amsa masa da Larabci a gidansa ba, don haka tsakaninsu sai gyaɗa kai. Matan layinsu suka sa mata Bebiya. Shekara tara ke nan.

Abdulghani bai san wannan ba. Ya gano gidan, ya aika kawunsa neman aurenta. Malam Haladu ya ce bai ga abin da zai haɗa shi da mai tara waƙoƙin nasara ba, ga kuma Hamad, ɗan amininsa mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya riga ya yi magana. Amma ba zai yi wa 'yarsa dole ba. Juma'ar farko bayan an sauko daga Arfa zai tambaye ta wanda take so.

Saura mako biyar. Abdulghani ba gwanin magana ba ne, sai ya buɗe akwatinsa ya zaɓi faya-fayai huɗu. Mawaƙan daban-daban ne, amma a sunan kowace waƙa akwai kalma ɗaya, baby. Gwaggo Dela, wadda ke da tsohon garmahon mijinta, ta yarda ta riƙa ɗaukar guda kowace Alhamis a cikin abayarta. Na farko ya zo da takarda da Larabci:

"Hasken idona, ban iya tsara magana ba. Waɗannan sun iya."

Ita da Zakiya suka rufe taga suka kunna a hankali. Zakiya ba ta jin Turanci, amma ta ji Baturen yana ta cewa bebi, bebi. Ta ɗauka kunnenta ne. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A na huɗu Abdulghani ya ja jan layi a ƙarƙashin haruffa huɗu na sunan waƙar, ya rubuta:

"Kalmar da na ja wa layi, ke ce."

Ta mayar da faifan cikin takardarsa ba ta yi kuka ba. Ta rubuta masa: "Na gane. Shi ke nan." Ta gaya wa gwaggonta ranar Juma'a za ta gyaɗa kai ga Hamad, don shi ko ba komai bai taɓa yi mata ba'a ba.

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo Dela ta dire faya-fayan huɗu a kan teburin Abdulghani, ta tambaye shi wace munafuka ce ta gaya masa sunan. Ya ce wane suna. Ta ce kada ya raina mata hankali, ita da ta ɗauko zagin 'yar ƙaninta da hannunta har sau huɗu. Sai da ta furta Bebiya sannan ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce asalin kalmar jariri take nufi.

"Jariri," in ji ta. "Yarinya 'yar shekara ashirin. To ka gyara ne ko ka ƙara ɓatawa?"

Ya ce haka Turawa suke kiran wadda suke so.

"Shekara huɗu aka yi kana can, abin da ka koyo ke nan. Da ka ce kana son ta da bakinka, da gwiwata ta huta."

Washegari da la'asar Gwaggo Dela ta zaunar da shi a tsakar gidanta, Zakiya tana bayan labule. Ya faɗa mata da Larabci abin da kalmar take nufi, da cewa bai taɓa jin sunan da ake kiranta da shi ba sai jiya. Ya ce laifinsa ne da ya aro bakin wasu. Bai roƙe ta ba. Daga bayan labulen ya ji muryarta da Hausa, a hankali, kamar mai taka matakala a duhu.

"Ke... ba za ki yi dariya ba?"

"Ba zan yi ba," ya ce. "Ci gaba, ina jin ki."

Ta ci gaba. Gwaggo Dela ta tashi wai za ta duba shayi, ba ta dawo ba sai da aka kira magariba.

Ranar Juma'a bayan sallah Malam Haladu ya zauna kusa da keken ɗinkinsa, ya kira 'yarsa. Ya ce zai ambaci suna biyu, ta gyaɗa kai a kan wanda ta zaɓa. Kafin ya fara ta ce:

"Baba, Abdulghani nake so."

Tsohon ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce ta maimaita, bai ji da kyau ba. Ta maimaita. Bai sake ambaton waƙoƙin nasara ba, sai dai ya ce kada a kunna su a bikin. Da kansa ya je ya ba mahaifin Hamad haƙuri.

A watan Safar aka ɗaura auren a Ammariyya. Da za a kai amarya, Malam Haladu ya riƙe hannun ango a bakin ƙofa ya ce masa:

"Abu ɗaya nake roƙonka. In ta fara magana, ka bari ta kai ƙarshe."

Sannan ya ɗaga hannu ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka. Jama'a suka shafa, mota ta tashi zuwa unguwar Aziziyya.