Kalangun da Ya Ƙi Yin Shiru

A dandalin Zuru Rahmatu ta fara ganin Yero, shekarar da Nasara suka sa a sare hanyar Ribah. Ana gwajin wasan kalankuwa na bayan girbi, aka ba shi ango, ita amarya. Ya iso a makare daga ruga, ya ce, "Amarya, a yi mini aikin gafara."

Ta rufe fuska, amma zuciya ta riga ta tafi.

To, Jabiru Sarkin Samari shi ma yana son ta. Sai ya kafa doka: wanda ya iso bayan kalangu ya yi shiru an cire shi, in ango ne Jabiru zai hau gurbinsa. Makaɗin kuwa mahaifin Rahmatu ne, Arzika.

"Wanda ba shi riƙe lokaci ba shi riƙe ɗiyata," in ji Arzika. "Ya ƙara makara, zance ya mutu."

Ranar gwajin ƙarshe, Altine ƙanwar Yero ta raɗa wa Rahmatu saƙo, da sunan da yake kiran ta: "Ya ce a gaya wa Hasken Ruga, dogarai sun tare shi aikin hanya tun asuba. Yana tafe, ko da rarrafe."

Rahmatu ta dubi fage. Kiɗa ya kusa ƙarewa, hanya fayau, Jabiru har ya fara gyara hula. Sai ta tuna abin kunya ne makaɗi ya yanke kiɗa da mai rawa a fage. Ta ɗaure zane ta faɗa.

Ta yi rawa har sauran 'yan mata suka zube. Ƙafa ta fashe, numfashi na sarƙewa, idonta na kan hanya.

"Baba Arzika, yanke mana!" in ji Jabiru.

"Ke Rahmatu, hita!" Arzika ya ce.

"Baba, ban gaji ba."

Tsoho ya dubi jinin da ke bin sawunta, ya dubi hanya, sai ya ƙara matse kalangu.

Rana ta yi ja, sai ga Yero a guje, jar ƙasa har gira. Ya durƙusa gaban makaɗi yana haki. "Baba, na makara?"

"Kana jin shiru?" in ji Arzika.

Bayan kalankuwa aka ɗaura auren gaske. Arzika ya kaɗa da kansa, ya sa musu albarka, ya ce, "Allah shi ba ku zuri'a mai sammako."