Ƙoren Inna a Buhun Gero

"Wallahi ba za a ɗaura auren nan a ƙasar wasu ba! Ina raye?"

Yaya Haladu ne ya faɗi haka, ya maka wa ƙyauren gidanmu sanda har kaji suka watse. Shi ne babban wana, shi ya riƙe ni tun da iyayenmu suka rasu, kuma duk garinmu Maruta an san zuciyarsa a kusa take. Ni ma ba baya ba ce wajen tsiwa.

Zulkifli na tsugune a zaure, kansa a ƙasa. Ma'aikacin jinya ne a Birnin Kudu, shekara biyu muna tare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Yaya, Hajiyata ce," in ji shi. "Ta koma wurin danginta a Damagaram ta Nijar, ciwon ya kwantar da ita. Burinta kawai a yi bikin a gabanta..."

Bai rufe baki ba Yaya ya shaƙi wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango. Na fito a guje ba ko mayafi.

"Yaya ka sake shi! Ni nake son sa, ni za ka daka!"

"Koma ciki Lailatu, kafin in karya ki!"

Goggo Azumi, ƙanwar babanmu, ita ta raba su da ƙyar. Sati biyu ana ja, sannan Yaya ya sauko, amma da sharaɗi. Ƙoren Innarmu guda tara, waɗanda aka yi wa zane tun na bikinta, su za a jera a bayan kujerar amarya, ba furen roba kaɗai ba.

"In ɗaya ta tsage a hanya," ya ce yana nuna Zulkifli da sanda, "mu juyo gida. Babu aure. Na rantse."

Na san Yaya. In ya rantse ko kansa zai faɗi ba ya warwarewa, kuma shi ne waliyyina.

Goggo ce ta shirya ƙoren yadda mutanenmu suka saba. Ta zuba gero a buhu, ta binne ƙwarya, ta ƙara gero, ta binne wata, har buhu uku, ta ɗinke bakinsu da kanta. A cikin gero ko mota ta faɗa rami ƙwarya ba ta jin komai. Sauran kayan ado kuwa, labulaye da fitilu da furanni da shimfiɗu, Zulkifli ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takarda saboda masu duba kaya. Da ya tambayi abin da ke buhunan, Goggo ta ce tsaraba ce, bai ƙara tambaya ba.

Da hantsi muka bar Maruta a bas ɗin haya, Zulkifli yana gaba a motarsa. Saƙo ya yi ta turo mini a waya.

"Abar ƙaunata, kin gaji?"

"Ban gaji ba, tsoro nake ji."

"Jibi iyanzu kin zama tawa. Ki daure."

Na yi murmushi a cikin hijabi, Yaya ya watso mini harara ta madubi.

Bayan azahar muka isa kan iyaka. Rana kamar ta dafa mutum. Zulkifli ya shiga ofis da takardu, Yaya ya zagaya neman ruwan alwala, aka sauke kayanmu a ƙasa. Wani jami'in kwastam, dogo, mai furfura a gemu, ya dudduba labulaye da fitilu, sannan ya tsaya kan buhunan. A hannunsa akwai dogon ƙarfe mai tsini, irin wanda ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki.

"Baba, mene ne a nan?" ya tambayi Goggo.

A wurin Goggo, ba a ambatar kayan amarya a bainar jama'a, bakin mutane yake kama su. Ta kalli cincirindon da ke wurin, ta gyara lulluɓi.

"Gero ne, ɗana."

"Gero kawai?"

"Gero kawai."

Na buɗe baki zan yi magana ta mintsine ni a cinya. Har yau ina jin haushin kaina, ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa, na yi shiru a inda ya kamata in yi ihu.

Ya soka ƙarfen. Ƙas! Ya zare, ya sake sokawa ta ƙasa. Ƙas!

"Wayyo Allah! Ƙoren Inna!"

Ihun da na yi ne ya dawo da Yaya da gudu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya zaro wuƙa ya farke buhun, gero ya malale a ƙasa, sai ga ɓarin ƙwarya mai zanen tsuntsaye ya gangaro har gaban ƙafarsa. Ya ɗauka. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

"Malam, an ce mini gero ne," in ji jami'in. "Da an faɗa mini gaskiya da hannu zan buɗe..."

Yaya bai ji ba. Ya wawuri sandarsa, ya ture Goggo ta faɗi kan kaya, na riƙe rigarsa ya yi jifa da ni har gwiwata ta fashe. Wasu jami'ai biyu suka taso da bindigogi suna ihu ya ajiye. Mutane suka watse. Ya ɗaga sandar sama da hannu biyu, ya saukar da dukkan ƙarfinsa.

Ban ga fitowar Zulkifli ba. Takardu kawai na gani suna tashi sama, sai ga shi a tsakanin Yaya da jami'in.

Sandar ta same shi a gefen fuska. Ƙarar ba za ta taɓa barin kunnena ba. Ya zube kan geron, jini ya ɓalle daga girarsa ya wanke farar shaddarsa.

"Zulkifli! Masoyina ka tashi! Don Allah ka tashi!"

Na rarrafa na tallafi kansa, na manta da kunya, na manta da mutane. Jami'an suka danne Yaya da ƙasa, gwiwa a bayansa, suka murɗe masa hannu. Bai ko motsa ba, kallon jinin kawai yake.

Zulkifli ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Ranka ya daɗe... ku sake shi."

"Ni ya nufa," in ji dattijon jami'in. "Da ta same ni, sai dai ya tsufa a gidan yari."

"Ni ta samu... Yayana ne. Ban kai ƙara ba." Ya yi tari. "In kun tafi da shi, Lailatu ba ta da kowa."

Dattijon ya dube mu. Sannan ya yi wa yaransa alama suka ɗaga Yaya. Ya ce geron ba zai wuce ba, amma mu kwashe kayanmu mu kai mutumin asibiti tun da sauran numfashi. Da hannunsa ya taya Goggo tono ƙoren, tana kuka tana cewa ita ta jawo. Bakwai suka fito lafiya, biyu sun tafi.

Direba ya leƙo yana tambaya, gaba ko baya?

Na dubi Yaya. Na san rantsuwarsa, shi ma ya san na sani. Na tabbata gida zai ce.

Ya sunkuya ya ciccibi Zulkifli kamar jariri, jinin ya ɓata masa ƙirji.

"Gaba," ya ce. "Zan yi kaffara. Ka taka mota!"

A wani ƙaramin asibiti aka tsayar da jinin, muka wuce Damagaram. Washegari likita ya kira mu gefe ya ce rai ya tsira, amma idon hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Yaya ya fita waje ya dinga buga goshinsa da bango sai da maza uku suka riƙe shi. Ni kuwa ban iya ko kallon sa ba. Ina son wana, amma ranar na tsane shi.

Aka so ɗage bikin, Zulkifli ya ƙi. Ranar Juma'a aka turo Hajiyarsa a keken marasa lafiya, liman ya zo har ɗakin da Zulkifli yake kwance, mu mata muna daga bakin ƙofa. Da aka ce waliyyi ya yi magana, Yaya ya buɗe baki ya kasa. Ƙato guda, sai kuka kamar yaro.

"Yaya, ka ba ni ita mana," in ji Zulkifli daga gado. "Ai na sha wuya."

Aka yi dariya cikin hawaye.

"Na ba ka," in ji Yaya. "Na ba ka... ka yafe mini."

Da mutane suka ragu, Goggo ta tura ni ciki. Na zauna a bakin gadon, na riƙe hannunsa, hawaye na zuba kan lallena. Ya juyo da kai yana laluben inda nake, rabin fuskarsa a naɗe da bandeji. Sai a lokacin na gane ta hagunsa na zauna.

"Laila, amaryata," ya ce a hankali, "zagayo ta nan in gan ki."