Mai Gadin da Injiniya Ya Bari

Tabarau mai fasasshen gilashi. Waya a kashe. Takalmi ƙafa ɗaya. Igiyar wuya a tsinke, babu komai a jikinta.

Abin da Sufeto ya kwaso ke nan a ƙarƙashin matakalar kamfanin, inda aka tsinci gawar Injiniya da safe. Suna cikin jaka a kan cinyarsa, Kofur yana tuƙi.

"Yallaɓai, ai faɗowa ya yi," in ji Kofur.

"Faɗowa ba ta tsinka igiya. Duba gabanka."

A gidan marigayin suka tarar da matarsa zaune a falo, kusa da teburin aikinsa. Aikin Injiniya shi ne tsare bayanan jama'a daga ɓarayin intanet, kuma shi ya rubuta manhajar kamfanin da hannunsa. Sufeto ya nuna wa matar igiyar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaya.

"Ina makullin?"

"Wane makulli?"

"Ɗan ƙarami, bai kai yatsa ba. A jikin kwamfuta ake soka shi. Da shi yake buɗe komai na kamfanin. Ko wanka zai shiga ba ya cire shi."

"Ya faɗa miki wani abu kwanan nan?"

"Ya ce ɓarawon ba daga waje yake ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Rannan na same shi yana naɗar muryarsa, yana ta maimaita magana ɗaya. Na ce, Baban yara, waƙa za ka fara da tsufanka? Ya yi dariya, ya ce mai gadi yake ɗauka aiki."

Kwanaki kaɗan bayan jana'iza Sufeto ya koma kamfanin. Ma'aikata sun cunkushe a ƙasa, babu mai son hawa bene. Wai ana jin muryar mamacin.

Manaja ya tarbe shi a ofishinsa na sama. Idanunsa jajur, kamar wanda ya rabu da barci.

"Ɗan'uwana ne, Sufeto. A ɗaki ɗaya muka fara, da fanka mai ƙara."

"To ka san makullin da ke wuyansa."

"Ban taɓa lura ba."

"Muryar da ake ji fa?"

"Surutun matsorata."

Sufeto ya dubi kwamfutar da ke kan tebur. A kashe take, da tsakar ranar aiki. Wayar lasifikarta tana lilo, an zare ta.

A baranda ya tarar da tsohuwa mai shara.

"Inna, ke kika fara ji?"

"Da kunnen nan nawa, ɗana. Rana tsaka, ba mafarki ba."

"Me ya ce?"

Ta rage murya. "'Wannan ba hannuna ba ne. Na gan ka.'"

Kofur ya ja da baya, yana motsa leɓe da addu'a.

"Daga ina muryar ta fito?"

"Bayan ƙofar Manaja. Sai na ji kujera ta faɗi. Ni dai na yar da tsintsiya, ban ma san tsohuwa tana gudu haka ba."

Sufeto ya koma ciki bai ƙwanƙwasa ba. Ya sunkuya ya mayar da wayar lasifikar.

"Kunna."

"Ta lalace."

"Kunna mu ga lalacewar."

Manaja bai motsa ba. Sufeto ya danna da kansa. Allo ya kawo haske, fanka tana juyawa a sama. Sai murya ta fito, a natse, kamar mai ita yana tsaye a bayan kujera.

"Wannan ba hannuna ba ne. Na gan ka."

Ta yi shiru. Ta sake.

Manaja ya toshe kunnuwansa. "Kashe! Don Allah kashe shi!"

"Ina makullin?"

Manaja ya zaro shi daga cikin safarsa, ya ajiye a kan tebur.

"Bayanan mutane nake sayarwa. Ya gane. Ya ce zai kai ƙara, ko da mu biyu za a rufe. Na riƙo shi a matakala don ya saurare ni. Igiyar ce ta rage a hannuna, da makullin. Na yar da igiyar. Na soka makullin don in goge sawuna. Ashe sai da yatsansa yake buɗewa. Sau ɗaya na gwada, Sufeto. Tun ranar, duk na'urar da na shiga da sunana, yana ciki. Har ta gida. Autata ta ji, ta ce, Baba, ga Kawu yana magana."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba. A kan matakala Manaja ya raɓe jikin bango, ya ƙi kallon ƙasa.

Muryar tana nan tana maimaitawa a ofishin da babu kowa. Kofur ya waiwayo.

"Yallaɓai, a kashe abin nan mana. Tsigar jikina tashi take."

Sufeto ya jefa makullin cikin jaka, kusa da igiyar. Ya ja ƙofar ta rufu, ya murɗa kuba.

"Ba za a kashe ba. Shi zai yi magana a gaban alƙali."